Lawali da Na'urar da Ake Ba Hutu a Gazawa

Shekara goma ke nan da rasuwar Lawali, ɗan ƙanwata. A zamanin da yake aikinsa, in ana so a aika muryar mutum daga Gazawa zuwa Maraɗi, sai an kafa faranti a bayan gidan rediyo an fuskantar da shi sama, an tada injin wuta, sannan a zauna a zuba wa wani ɗan layi shuɗi ido yana rarrafe a fuskar na'ura. Yau mai tuyar ƙosai a tashar Agiye tana danna waya da babban yatsa ta aika wa ɗanta da ke Agadas doguwar magana, har da faɗa a ciki, kafin mai ya yi zafi a kasko. Ba ta san akwai wani abu da ake kira jira ba, sai ranar da rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke. Waɗanda suka yi jiran sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Lawali bai samu tsufan ba.

Ni aikin tafinta na yi. Shi ya kai ni Yamai da Abijan da Tamanrasat da Jidda, ya kai ni ƙasar Faransa har sau da dama, na ci abinci da Hausa da Faransanci da Larabci da Fulatanci. Da na ajiye aiki na dawo gida Gidan Rumji, na iske yaron da na bari yana kwance rediyon uwarsa don ya ga mutanen da ke ciki ya zama magidanci, ya yi karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma shi ne ke kula da intanet na wasu gidajen rediyon karkara guda uku: namu na Gidan Rumji, da na Agiye, da na Gazawa. Kowane gida da nasa faranti, amma hanyar da suke bi ta tauraron ɗan Adam guda ce, ƴar siririya, kuma akwai wasu ɗakunan shan magani na ƙauye da ke raba ta da su. Wannan shi ne abin da mutane ba su gani. Kowa yana kallon farantinsa yana cewa nasa ne.

Lokacin riƙon ƙwarya ne. Sojoji sun ce za su miƙa mulki, an buɗe fagen siyasa, za a fara da zaɓen ƙananan hukumomi. Gidajen rediyon nan uku suka shirya wani shiri na haɗin gwiwa: kowane gida ya naɗi muryar ƴan takarar yankinsa, ya aika Maraɗi, can a haɗa a daidaita wa kowa lokacinsa, a watsa da yamma. Ni aka roƙa in riƙa taƙaita jawaban da Fulatanci saboda makiyaya. Ta haka na zama abokin tafiyar Lawali, ina gaban mota yana baya da jakar wayoyinsa, ko kuwa mu biyun a matse a kujera guda in motar haya ce.

A wata irin tafiyar ce na fara jin abin da nake so in rubuta a kai. Damina ta wuce amma gulbi bai gama janyewa ba, muka zo wata mashiga da babu gada. Direbanmu ya bi ta nan jiya, shi da bakinsa ya faɗa. Duk da haka sai ya tsaya, ya sauka, ya naɗe wando, ya shiga da sanda yana zungurar yashi. Da ya dawo ya shiga da mota a hankali, sai da ya ji tayoyi sun kama ƙasa sannan ya ƙara wuta, ya kuma ƙarawa. Lawali ya taɓa ni ya ce, "Kawu, ka ga abin da na'urata ke yi ke nan."

Ya yi mini bayani, ni kuma zan maimaita shi gwargwadon yadda ya zauna mini. Na'ura ba ta aika saƙo a dunƙule. Tana yanka shi ƙanana-ƙanana, kamar a ce buhun gero ne aka rarraba a ƙwarya. Ba ta kuma san faɗin hanyar da ke gabanta ba, domin babu mai gaya mata. Saboda haka sai ta fara da ƴan ƙwarya kaɗan, ta saurara. In can suka amsa cewa sun iso, sai ta ninka. In suka sake amsawa, ta sake ninkawa. Haka take yi har ta ji wani abu ya zube a hanya, sai ta gane ta kai maƙura, ta ɗan ja baya, ta riƙe wannan awon. Muddin tana cikin aiki, awon yana hannunta. Amma in ta yi shiru, ko da na ɗan lokaci ne, sai ta ajiye awon ta koma farko. Dalilinta shi ne, a cikin shirun nan ba ta san wanda ya shigo hanyar ba. Wataƙila wani ya fara nasa aike. In ta zubo kaya da awon ɗazu, sai a haɗu a ƙofa, nata ya zube, na wancan ya zube, kowa ya koma ɗiba. Ya ce da nisan tauraron ɗan Adam kuwa, amsar takan daɗe kafin ta dawo, don haka farkon kowane aike yakan yi nauyi ƙwarai, mutum ya ga kamar abin ba ya motsi.

Na ce masa na ga irin wannan a wasu wurare. Direbobin hamada, in iska ta taso ta kwanta, ba su amincewa da sawun da suka bi da safe. A bakin manyan hanyoyin Faransa na ga an kafa fitila tana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya don kada su afka wa waɗanda ke gudu. Matuƙan kwalekwale a kogin Isa da ya ratsa Yamai ma, in sun kwana biyu ba su bi wani lungu ba, da gora suke shiga. Ya ce duk haka ne, sai dai su suna da ido, ita kuwa makauniya ce, da amsa kaɗai take gane hanya.

Ba a daɗe da fara shirin ba aka lura muryar Gazawa tana makara. Ta Gidan Rumji takan iso da wuri, ta Agiye ma haka. Ta Gazawa kuwa wata rana rabi ke zuwa, wata rana ta zo bayan an rufe shiri. Sai a watsa ƴan takarar garuruwa biyu, na uku a ce sai gobe. A lokacin da ba na zaɓe ba, da an yi dariya an wuce. A lokacin zaɓe kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Magana ta tashi a kasuwar Gazawa cewa mai kula da na'ura Bagobiri ne ɗan Gidan Rumji, danginsa kuma an san inda suka karkata, shi ne ke take wayar Gazawa da ƙafa. Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo ta isa Agiye, ta isa Maraɗi, ta iso har zauren gidanmu, inda ƙanwata ta kira ni ta tambaye ni ko gaskiya ne ɗanta ya sayar da kansa. Mai irin aikin Lawali ba shi da shago, ba shi da gona mai yawa. Sunansa ne jarinsa: an ba shi mabuɗin ɗakin da muryar mutane ke bi, an amince ba zai taɓa ta ba. In wannan ya tafi, babu abin da ya rage.

Ya duba daga Maraɗi bai ga komai ba. Faranti lafiya, wuta lafiya, rabon hanya daidai. Abu guda ya ba shi mamaki: saƙon Gazawa yana tasowa, ya ɗan yi tafiya, ya tsaya cik, a daɗe, ya sake tasowa daga ƙasa. Ya ce sai ya je ya gani da idonsa. Na bi shi.

Mai aika saƙon a Gazawa shi ne Malam Isa, tsohon malamin lakol, wato makarantar boko, da ya yi ritaya. Rabin garin ya koya wa karatu, har da wasu daga cikin ƴan takarar. An ba shi aikin ne saboda babu jam'iyyar da za ta ce ba ta yarda da shi ba, shi kuma ya karɓa da murna, domin mutumin da ya saba tsayawa gaban allo zaman gida yana cinsa. Ya koyi na'urar da tsufansa, yana kuma alfahari da haka. Mun iske shi da hantsi, ɗakin a share, na'urar an lulluɓe ta da wani farin ƙyalle mai ado da aka saƙa da hannu. Mahaifinsa mahaƙin rijiya ne, ya gaya mini haka muna gaisawa, da ya ji na yi zaman hamada.

Lawali ya ce, "Baba Malam, aika mu gani, yadda ka saba."

Tsohon ya yaye ƙyallen, ya yi bisimilla, ya danna. Layin shuɗi ya fito yana jan jiki. Malam Isa ya duƙa yana kallonsa kamar mai duba majiyyaci. Bai bari an yi nisa ba ya girgiza kai ya danna wurin tsayarwa.

"Ka gani ko, ɗana? Ba ta huta ba. Jiya ta sha aiki." Ya mayar da ƙyallen, ya juya fanka ta fuskance ta. "Ni ba ni matsa mata. In na ga ta fara jan ƙafa sai in tsaida ta, in ba ta lokaci, kamar rijiyar rani. Ka ɗiba ka ɗiba, in ka ji guga ya fara kwaso laka, ka bar ta ruwa ya taru. Amma wagga, ko na bar ta har azahar, in na dawo da gajiyarta nike iske ta. Shi ya sa na ce ko wani ciwo gare ta."

Na dubi Lawali. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Abin a fili yake ga wanda ya ji bayanin bakin gulbi. Tsohon yana ganin nauyin farawa sai ya ɗauka gajiya ce, ya tsayar. Tsayarwar ta sa na'urar ta ajiye awonta. In ya dawo ta sake farawa daga ƙasa, ya sake ganin nauyin, ya ƙara mata hutu fiye da na farko. Bai taɓa barin ta ta kai inda za ta saki jiki ba. Ba sakaci ba ne. Tausayi ne, da ilmin da ya gada, wanda gaskiya ne a kan rijiya, gaskiya ne a kan sa da jaki da ɗan lakol, bai dai ci wannan wuri ba. A Gidan Rumji wata yarinya ma'aikaciya ce ke aikawa, marar haƙuri, takan jibga komai ta danna ta fita sayen abinci, shi ya sa namu bai taɓa makara ba.

Lawali ya ce, "Baba Malam, yau ni ne baƙo, a ba ni aron ta. In ta mutu a wuyana." Ya danna, sannan ya juya kujerarsa ya ba na'urar baya, ya tambayi tsohon yadda mahaifinsa ke gane inda ruwa yake kafin ya sa dundurusu a ƙasa. Malam Isa ya so ya leƙa, amma tambayar ta fi ƙarfinsa. Ya shiga labarin itatuwan da ke nuna ruwa, da launin yashi, da wata rijiya da aka haƙa a wani ƙauye kusa da iyaka aka tarar da dutse. Yana cikin labarin na'urar ta yi ƴar ƙara. Saƙon ya tafi gaba ɗaya.

Tsohon ya tashi ya duba. Ya ce a sake da wani. Wannan karon ya tsaya a kai, hannunsa a bayansa ya riƙe ɗaya da ɗaya. Layin ya rarrafa, ya miƙe, ya ruga. Malam Isa ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ashe ni ne," in ji shi.

"Ba kai ba ne, Baba. Ni na kafa ta ban gaya maka halinta ba."

"Kar ka yi mini wayon yara, na koyar da yara kafin a haife ka. Ni ne."

An riga an kira taro a Agiye, tunda ita ce tsakiya, na kwamitin gidajen rediyon da wakilan jam'iyyu, don a bi ba'asin makarar. A hanya na ce wa Lawali abin ya zo da sauƙi, ya faɗi yadda aka yi, kowa ya huta. Ya ce, "Kawu, in na faɗa, gobe a kasuwa za a ce Malam Isa ya lulluɓe na'ura da zane yana yi mata fifita. Yaran da ya koya wa ABC su za su riƙa kwaikwayonsa. Su cire shi, ya koma gida ya zauna. Ni ina da sauran shekaru, in gyara sunana."  Shi da ni duka mun ɗauka yana da sauran shekarun.

An yi taron a ƙarƙashin rumfar gidan rediyon Agiye da rana tsaka. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Alhaji Nomau, ɗan kasuwar hatsi, wakilin ɗaya daga cikin ƴan takarar Gazawa. Ba mugun mutum ba ne. An hana ɗan takararsa magana har sau da dama, kuma yana da haƙƙin ya tambaya.

"Kai Bagobiri," ya ce wa Lawali, "mu dai mun san ku da taurin kai, ba mu san ku da take waya ba. Mi ya sa muryar garinku ba ta taɓa yin tuntuɓe ba, tamu ce kullum gurguwa?"

Aka yi ƴar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Na ga Malam Isa ya dafa gwiwa zai miƙe. Lawali ya riga shi. Ya ce matsalar daga ɗakin na'ura take, ɗakin na'ura kuwa na kowane gida shi ke da alhakinsa, an gano ta, an gyara, ba za ta sake faruwa ba. Aka ce wace irin matsala. Ya ce ta yadda ake aikawa ce. Malam Isa ya ce, "Jama'a, ku saurara," Alhaji Nomau ya ce, "Malam, zauna, ba da kai ake ba, kai mun san ka."

Da a nan aka tsaya, wataƙila da ƙurar ta kwanta. Sai wani daga cikin wakilan, wanda ke da ɗan'uwa mai irin wannan aiki a Katsina, ya ce an gaya masa akwai wani wuri a cikin na'ura da ake kashewa, in an kashe shi ba ta ƙara yin wannan rarrafen bayan ta yi shiru, da ƙarfinta take tashi. Ya tambayi Lawali ko gaskiya ne. Lawali ya ce gaskiya ne, akwai. Aka ce to a kashe wa Gazawa, a gaban kowa, a wuce wurin.

Abu ne na ɗan lokaci kaɗan, kuma da ya yi, da an tafa masa. Ya ƙi. Ya ce masu manyan hanyoyi suna kashewa ba su ga illa ba, amma tasu hanyar ƙarama ce, gida uku ne a kanta da ɗakunan shan magani. In na'urar Gazawa ta riƙa afkowa da awon ɗazu ba tare da ta taɓa ƙofa ba, ranar da ta haɗu da aiken Agiye ko na wata ungozoma da ke neman shawara daga Maraɗi, duka za su zube. In kuma an kashe wa Gazawa, gobe Agiye za ta ce a kashe mata. Ya ƙara da cewa ba wannan wurin ne ma ya kawo makarar ba, don haka kashe shi ba magani ba ne.

Na yi tafinta a tarurruka da yawa, na san lokacin da magana ta gaskiya ke faɗawa a kunnen da ya riga ya cika. Abin da mutanen suka ji shi ne: akwai mabuɗi, yana hannunsa, ya amsa da bakinsa, ya kuma ƙi buɗewa. Alhaji Nomau ya kakkaɓe babbar rigarsa ya ce, "To, mun gode. Mun ji abin da muka zo ji."

Daga ranar muryar Gazawa ba ta ƙara makara ba, wannan kuwa ya zama hujja a kansa: an matsa masa, ya ɗaga ƙafa. Malam Isa bai yi shiru ba. Ya bi mutane ɗaya ɗaya, a masallaci da wurin ɗaurin aure, yana gaya musu shi ne ya riƙa tsayar da na'ura. Suka ce Allah sarki Malam, mutumin kirki, yana so ya rufa wa yaron asiri. Mutuncin da Lawali ya tsare masa shi ya hana a yarda da shi. Bayan zaɓe kwamitin Gazawa ya nemi a ba su wani mai kula da na'ura, aka ba su. Wanda ya zo ya duba wurin da aka ce a kashe, ya bar shi yadda yake, babu wanda ya tambaye shi.

Na sha ɗaukar wannan labari in auna shi da ƙasa. Na ga ƙasashe da dama sun fito daga shirun mulkin soja, tamu da na maƙwabta. Abin da na lura shi ne, ranar da aka buɗe baki kowa da awonsa na da yake dawowa. Ɗan siyasa yana zaton jama'ar da ya bari ita ce zai tarar, da ƙarfin da ya tafi da shi yake afkowa, bai tsaya ya ji ko ana amsawa ba. A cikin shirun kuwa an haifi wasu, wasu sun mutu, wasu sun canja ra'ayi ba su gaya wa kowa ba. Na taɓa faɗa wa Lawali wannan ina jin na yi hikima. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, na'ura ce fa kawai. Ita ba ta neman kujera." Ba ya son a ɗora wa aikinsa rawani. Na bar maganar, ko da yake har yanzu ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

Me zai ce da ya ga yau? Farantan nan an kwance su, na ga ɗaya a wani gida an kifa shi a kan akurkin kaji. Dogayen ƙarafan waya sun tsaya a kan hanyar Agiye da ta Gidan Rumji. Wata abokiyar karatunsa da ke aiki a Yamai ta gaya mini masana ba su daina gardama a kan wannan wuri ba. Wasu suna ganin komawa farko bayan ɗan shiru tsoro ne da ya wuce kima, tunda hanyoyi sun yi faɗi. An kuma samo dabarar da na'ura za ta riƙe wani abu na awonta amma ta riƙa sakin kayan a jere da tazara, maimakon ta zubo su gaba ɗaya. Ina jin wannan zai yi masa daɗi, domin shi ba rarrafen yake ƙauna ba, afkawar ce ba ya so. Ina jin kuma zai tsaya a tasha ranar kasuwa, lokacin da kowa ya ɗaga waya sama yana neman rezo, ya ce hanya ba ta taɓa yin faɗin da za ta ishi kowa a lokaci guda ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Shi rabin farko ya riƙe, mutanen zamaninsa rabi na biyu ya dame su, kuma ba zan ce ba su da dalili ba. Wanda aka hana magana shekaru, in aka ce ya ƙara haƙuri na ɗan lokaci, ba lallai ya ji da kunnen basira ba.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi, ƴan shekaru bayan wannan zaɓe. Ya ci gaba da aikin Agiye da na Gidan Rumji har ƙarfinsa ya ƙare. Wasu ayyukan da ya nema a gabas, wajen Gazawa, ba a ba shi ba, ba a kuma gaya masa dalili ba. Bai yi ƙorafi a gabana ba, sai sau ɗaya, yana kwance, ya ce da ya san abin zai bi shi haka da ya nemi wata hanyar faɗa. Na ce wace hanya. Ya yi tunani ya ce bai sani ba. Malam Isa ya zo gaisuwar rasuwa a motar haya, tun daga Gazawa, da tsufansa. Ya zauna a gefen tabarma, ya yi addu'a, ya ce wa ƙanwata, "Hajiya, ɗanki bai take wayar kowa ba." Ta ce ta sani. Ban tabbata tun yaushe ta sani ba.

Bara na bi ta Gazawa. Ina zaune a wata rumfar mai shayi, wani dattijo yana fama da wayarsa saƙo ya ƙi tafiya, sai ya yi tsaki ya ce, "Kai, ko Bagobirin nan ne ya dawo?" Matasan da ke wurin suka yi dariya, ba su san wanda ake nufi ba. Na sha shayina. Na yi tunanin in yi magana, sai na tuna Malam Isa, wanda ya fi ni kusa da abin, ya kuma fi ni daraja a garin, ya yi ta shekara da shekaru ba a ji ba.

In aka ce in auna abin da ya rage na Lawali, ba shi da yawa, kuma ba duka ne mai daɗi ba. Ya bar mata da ƴaƴa uku, babbar tana koyon aikin jinya. Ya bar ma'aikatan rediyo a garuruwa biyu da ke cewa bai taɓa tambayar su wa za su zaɓa ba. A gari na uku ya bar suna da ba nasa ba. Malam Isa ya riƙe ɗakin na'urar Gazawa har ƙarshen ransa, aka yi masa jana'izar da garin ya daɗe bai ga irinta ba, babu wanda ya taɓa yi masa dariya. Lawali kuwa tun daga taron Agiye ba a sake kiransa aiki a Gazawa ba, sunansa a can bai gyaru ba yana da rai, bai kuma gyaru ba bayan ya mutu. Allah ya jiƙansu su biyun.